"Me Mutane Za Su Ce?" Tambayar da Ke Cinye Mana Karatu

 

Mu ƴan ajin ƙarshe mun zauna mun yi shawara a kan abin da za mu bar wa ƙannenmu a ɗan littafin bana, sai ra'ayinmu ya haɗu a kan ciwo guda da ba a cika ambatonsa ba: tsoron idon mutane. Kowa ya san yadda yake. Malam ya gama bayani ya ce, "Akwai mai tambaya?" sai aji ya yi tsit, alhali rabinmu ba mu gane ba. A ce wani ya fito tablo, kowa ya sunkuyar da kai cikin kaye. Ba tsoron bulala ba ne. Tsoron kada a yi mana dariya ne, kada a ce, "Ashe wane bai iya ba!"

Ra'ayinmu shi ne wannan tsoro yana ja mana asarar da ta wuce ta rashin littafi ko rashin benci. Wanda ba shi da littafi zai ara, amma wanda ya haɗiye tambayarsa zai koma gida da jahilcinsa. Akwai wanda ya sauke Ahalari, har yau bai bambance inda ake ƙabli da inda ake ba'adi ba, don ya ji nauyin ya ce a maimaita masa. Akwai ƴar'uwa da ke cikin ruɗu a kan hukuncin jinin al'ada, tana barin salla lokacin da ya kamata ta yi, saboda bakinta ya yi nauyi ko a gaban malama. Akwai wanda ya bar makaranta gaba ɗaya don an sa shi aji ɗaya da sa'o'in ƙaninsa, ya manta cewa gemu ba ya hana ilimi.

Wani zai ce, "To ai kunya tana cikin imani." Gaskiya ne, kuma ba mu zo raba kowa da ita ba. Kunyar da addini ya yaba ita ce mai hana ka aikata abin ƙi, mai sa ka rage murya a gaban manya. Wadda ke hana ka neman sani kuwa wata aba ce daban da ta ari sunan kunya. Imamu Buhari ya ware babi guda a kan kunya wajen neman ilimi, a ciki ya kawo maganar Mujahid cewa mai jin kunya da mai girman kai duka ba sa samun ilimi, ya kuma kawo yabon da Nana A'isha ta yi wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su fahimtar addini ba.

Ku tuna Abdullahi ɗan Umar. Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ta yi kama da Musulmi. Yaron ya gane dabino ce, amma ya yi shiru ganin manya a wurin. Da ya ba mahaifinsa labari, Sayyidina Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi. Uba ke nan, bai yaba wa shirun ba. Imamu Malik kuma, wanda mazahabarsa muke bi a nan ƙasashenmu, ya shahara da cewa bai sani ba idan bai sani ba, ko da mai tambayar daga nesa ya zo. In malamin Madina bai ji kunyar wannan kalma ba, mu ƴan aji shida me zai sa mu ji?

Wani abin kuma, mutanen da muke tsoro ba su ma damu da mu kamar yadda muke zato ba. A shekarar 2000 wasu masana halayyar ɗan Adam suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a jami'ar Cornell ta Amurka. Sun sa ɗalibai riga mai hoton da za su ji kunyar sawa, suka tura su cikin ɗakin da ƴan'uwansu suke. Masu rigar sun zaci kusan rabin ɗakin sun lura da hoton, ashe kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai. Haka yake a ajinmu. Lokacin da kake rawar murya kana jan ayarka, na kusa da kai yana can yana tilawar tasa a zuci, don shi ne na gaba. Kowa ta kansa yake yi.

Sai dai fa ba za mu ɗora laifin duka a kan mai jin tsoro ba. Masu dariya su ne suka shuka abin. Yaro ya taso daga makarantar allo da ƙira'ar Warshu, ya shigo ajin da ake karatu da Hafsu, da ya buɗe baki sai a kwashe da dariya, a ce ya yi kure. Alhali Warshu daga Nafi'u na Madina ya ɗauko, Hafsu kuma daga Asimu na Kufa, duka biyun ingantattu ne. To wa ya tona jahilcinsa a nan, shi ko masu dariyar? Ko da ma kuren gaske ne, hadisi ya tabbata cewa mai karatun Alƙur'ani yana tuntuɓe, yana shan wahala, lada biyu gare shi.

Don haka muna roƙon abu uku. Na farko, ga ƴan'uwa: a bar yi wa mai kure dariya da laƙaba masa suna, a aji ko a zauren WhatsApp. Gyara aikin malam ne, namu sauraro. Na biyu, kowa ya ɗaure wa kansa ya yi tambaya ko guda ɗaya a mako. Ta farko ce mai nauyi, sauran za su biyo da sauƙi. In bakin ya ƙi buɗuwa, a rubuta a takarda a miƙa. Na uku, ga malamanmu, Allah ya gafarta muku, muna roƙon ku riƙa sa wa mai tambaya albarka kafin ku amsa, ko da tambayar ta yi kama da ta shirme, domin kallo ɗaya daga gare ku yana iya rufe bakin yaro shekara guda.

Magabata sun yi gargaɗi cewa yin aiki don mutane su gani da barin aikin alheri don gudun bakinsu, duka ciwon zuciya ɗaya ne. Mutanen nan da muke tsoro, ba su za su rama mana sallar da ta ɓaci ba, ba su za su zauna mana jarrabawa ba. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya buɗe ƙirazanmu da harsunanmu. Wassalamu alaikum.