Baƙo Mai Ƙaramin Guzuri da Lissafin Ƙasashen Tsibirai

Duk lokacin da ministocin yawon buɗe ido na ƙasashen tsibirai suka tashi bayyana manufofinsu, magana ɗaya suke maimaitawa, watau sun fi son baƙi kaɗan masu kashe kuɗi da yawa. Baƙon da ke zuwa da jaka ɗaya a baya, ya nemi ɗaki mai rahusa, ya hau jirgin fito tare da masunta, ana yi masa kallon wanda ke cika bakin teku ba tare da ya bar abin kirki ba. Wannan lissafi yana da gyara, domin ya tsaya ne ga yawan kuɗin da baƙo ya kashe, bai tambayi aljihun da kuɗin ya kwana a ciki ba.

Babu inda za a fi ganin wannan al'amari a fili kamar ƙasar Maldives da ke Tekun Indiya, mai tsibirai kusan 1,200, waɗanda ƙasa da 200 ne kawai ke da mazauna. An buɗe otal ɗin shaƙatawa na farko, watau Kurumba, a shekarar 1972. Daga nan ƙasar ta ɗauki tsarin ba kowane babban otal tsibirinsa shi kaɗai, nesa da garuruwan jama'a. A cikin shekarun 1980 gwamnatin Shugaba Maumoon Abdul Gayoom ta hana saukar da baƙi a tsibiran da mutane ke zaune, bisa hujjar kare addini da al'adun ƙasar, kasancewar mutanenta Musulmi ne. Sakamakon haka shi ne, shekara da shekaru baƙo yakan sauka a filin jirgin sama, a kwashe shi zuwa tsibirin otal, ya ci ya sha ya koma gida, ba tare da ya sayi ko kwakwa ɗaya a hannun ɗan ƙasa ba.

A shekarar 2009 gwamnatin Shugaba Mohamed Nasheed ta janye wannan hani, ta ba 'yan ƙasa izinin buɗe ƙananan masaukai a garuruwansu. Tsibirin Maafushi, wanda bai wuce kilomita 30 daga Male babban birnin ƙasar ba, shi ne ya fara cin gajiyar abin. An buɗe masauki na farko a can a shekarar 2010, yanzu kuwa masaukan tsibirin ana ƙirga su gommai, na ƙasar baki ɗaya kuma ɗaruruwa. Mutumin da a da sai ya tanadi ɗaruruwan daloli kafin ya kwana ɗaya a Maldives, yanzu yakan sami ɗaki da 'yan gomman daloli, ya kuma isa tsibirin a jirgin fito na jama'a da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Duk da haka ƙasar ba ta sayar da al'adarta ba: ba a sayar da giya a garuruwan jama'a, an kuma keɓe wani sashe na bakin teku domin baƙi masu shiga ruwa da irin tasu shigar.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi a nan shi ne hanyar da dala ke bi. Wanda ya sayi hutun mako guda a babban otal, yawanci tun yana London ko Moscow ya biya kamfanin shirya tafiye-tafiye. Kamfanin ya cire ladansa, kamfanin da ke gudanar da otal ɗin, wanda sau da yawa na waje ne, ya cire nasa, bankin da ya ba da rancen gini ya karɓi ruwansa. Nama da madara da kayan marmari duk daga waje ake shigo da su, ma'aikata masu yawa kuma 'yan Bangaladash ne da Indiya da Sri Lanka, masu aika albashinsu gida. Masana tattalin arziki suna kiran wannan zurarewar kuɗi. Shi kuwa mai ƙaramin guzuri, kuɗinsa kaɗan ne, amma yana miƙa shi hannu da hannu ga mai masauki da mai kwalekwale da matar da ke dafa kifi da shinkafa, su kuma su kashe shi a shagon maƙwabci. Ba wai babu zurarewa a nan ba, tunda shinkafar ma shigo da ita ake yi, sai dai ribar tana zama a gari.

Gwamnatin Maldives da kanta ta tabbatar da cewa matsalar gaskiya ce. A shekarar 2024 ƙasar ta karɓi baƙi fiye da miliyan 2, amma a daidai wannan shekara asusun ajiyarta na kuɗaɗen waje ya yi ƙasa ƙwarai, dala kuma ta yi wuyar samu a bankuna. Dole aka kafa dokar da ta tilasta wa manyan otal-otal su canzar da dala 500 a bankunan ƙasar a kan kowane baƙo, ƙananan masaukai kuma dala 25, daga baya aka ba su zaɓin canzar da kashi 20 cikin 100 na abin da suka samu. Ƙasar da sai ta kafa doka kafin dalar da aka samu a bakin tekunta ta shiga bankunanta, ai ba ta da hujjar raina baƙon da ke zuba tasa kai tsaye a kasuwar ƙauye.

To amma waɗannan alƙaluma biyu, 500 da 25, suna kuma nuna iyakar wannan hujja. Ko shakka babu baitulmali ya fi dogara ga manyan otal-otal, domin daga gare su ne kuɗin hayar tsibirai da mafi yawan haraji ke fitowa. Babu mai hankalin da zai ce a rufe su. Maganar ita ce kasuwannin biyu ba kishiyoyin juna ba ne: ɗaya na ciyar da gwamnati, ɗaya na ciyar da gidaje.

Zargi mafi ƙarfi da ake yi wa yawo mai rahusa shi ne na cunkoso, kuma yana da tushe. Tsibirin Boracay na ƙasar Filifin, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 10, ya karɓi baƙi kimanin miliyan 2 a shekarar 2017. A watan Afrilun 2018 Shugaba Rodrigo Duterte ya rufe shi har wata shida, bayan ya kwatanta ruwansa da ramin masai. Dubban ma'aikata suka zauna babu sana'a. A Tailan ma an rufe gaɓar Maya daga Yunin 2018 har Janairun 2022 domin murjanin da kwalekwale suka lalata ya farfaɗo. Sai dai wanda ya duba abin da ya faru a Boracay zai ga cewa laifin ba na arahar ɗaki ba ne. Gine-gine ne, manya da ƙanana, aka bari suka tashi barkatai, da yawansu suna tura ƙazantarsu cikin teku domin ba a haɗa su da magudanar gari ba. Baƙon dala 30 da na dala 300 duk banɗaki ɗaya suke buƙata, kuma aikin hukuma ne ta san inda ruwan ke zuwa kafin ta ba da lasisin gini. Bayan sake buɗe tsibirin ne aka ƙayyade baƙi kimanin 19,000 a lokaci guda, matakin da ya zo a makare.

Tunda dole a sami kuɗin gina magudanai da kwashe shara, abin tambaya shi ne yadda za a raba nauyin. Tsibirin Bali na Indonisiya ya fara karɓar rupiya 150,000, watau kusan dala 10, daga kowane baƙo na waje a watan Fabrairun 2024, kuma wannan bai isa ya kori kowa ba. Zanzibar kuwa, daga Oktoban 2024, ta wajabta wa kowane baƙo na waje sayen inshora ta dala 44 daga kamfanin inshorar gwamnatinta, ko da ya riga ya sayi wata a ƙasarsa. Ga wanda ke biyan dala 600 a kowane dare wannan kuɗin shayi ne. Ga mai ƙaramin guzuri kuwa kuɗin kwana biyu ne a masauki, wanda da ya shiga hannun wani ɗan Paje ko Nungwi. Haraji na bai ɗaya irin wannan kullum ya fi danne mai ƙaramin ƙarfi, tare da ƙananan 'yan kasuwar da suka dogara gare shi.

Tsarin Maldives ya fi kusa da adalci, ko da yake shi ma yana da tsada. Daga Janairun 2025 harajin kare muhalli ya zama dala 12 a kowace rana ga baƙon babban otal, dala 6 kuma ga na ƙaramin masauki. Harajin fita daga ƙasar ma an jera shi bisa matsayin tikiti tun Disambar 2024: dala 50 ga baƙon da ke kujerar talakawa, 120 ga na kujerar 'yan kasuwa, 240 ga na kujerar alfarma, 480 kuma ga mai jirginsa na kansa. Abin da ya rage majalisun tsibirai irin su Maafushi su matsa a kai shi ne a riƙa bayyana nawa ne daga harajin muhallin ya dawo musu a matsayin injin tace ruwa da magudana da wurin sarrafa shara, domin har yanzu sharar yankin Male ana jibge ta ne a Thilafushi, tsibirin juji da aka fara cikewa tun shekarar 1992.