Kafin mu ce "ai irinsu ne ke yi"

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun yana da ɗan tsawo, ku daure.

Kun san yadda ake yi. Da an tsinci gawar ɗalibi a ɗakin kwana ko a gidajen haya na bayan makaranta, kafin 'yan sanda su iso, guruf ɗin WhatsApp ya gama kama mai laifi. Wannan ya ce 'yan ƙungiyar asiri ne, wancan ya ce saurayinta ne, wani ya ce a binciki maigadi ko ɗan acaba. Mu kuwa mun san su wa ake nufi da maigadi da ɗan acaba a garuruwan nan.

Masu binciken kisa suna da wani fanni mai kama da wannan, wato hasashen siffar mai laifi, sai dai su daga wurin da abin ya faru suke farawa. Ina aka samu gawar, wane irin rauni ne, fasa ƙofa aka yi ko mamacin ne ya buɗe da kansa, me aka ɗauka, me aka bari. Daga nan a yi kirdadon wane irin mutum ne zai aikata haka. Amfaninsa shi ne rage yawan waɗanda za a bincika, da gane ko hannu ɗaya ne ya yi kisa da yawa. A Fatakwal a 2019, yadda ake ta tsintar gawarwakin mata a otal-otal an shaƙe su an ɗaure shi ya sa aka zargi mutum ɗaya ne. Amma hoton kyamarar tsaro ne ya kai ga kama Gracious David-West.

To ko ƙwararrun ma suna kuskure. A 1992 aka kashe Rachel Nickell a Landan. 'Yan sanda suka ga Colin Stagg ya dace da siffar da wani masanin halayyar ɗan Adam ya zana musu, suka maƙale masa. Ya fi shekara a tsare kafin kotu ta kori ƙarar a 1994. Ainihin wanda ya yi kisan, Robert Napper, yana waje, har ya kashe wata mata da 'yarta a 1993. Gwajin DNA ne ya tona shi, ya amsa laifinsa a 2008.

Idan masu ilimin abin sun yi wannan ɓarna, ina ga taron jama'a da fushi ya rufe wa ido? A 2012 aka kashe ɗaliban Jami'ar Fatakwal huɗu a Aluu bisa zargin sata. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi suna hanyar Kano, don an ga bindigogin farauta an ce masu garkuwa ne. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu ma a gida muna yi wa baƙi irin wannan kuɗin goro.

Ni a ganina hasashe yana nuna inda za a duba ne kawai, hukunci kuwa sai da hujja. Saboda haka idan, Allah ya kiyaye, abin ya faru kusa da kai, kar ka taɓa komai, kar a share ɗakin, kar a yaɗa hoton gawa ko sunan wanda ake zargi. Abin da idonka ya gani ka faɗa wa hukuma, kar ka haɗa da abin da ka ji.

Sai magana mai nauyi. Addini ya kwaɗaitar da gaggauta jana'iza, shi ya sa iyaye kan ce a ba su gawa, sun bar wa Allah. Na fahimce su. Amma idan an binne ba tare da likita ya duba ba, hujja ta tafi, zargi ne ya rage, kuma zargi kan marar gata yake sauka. Ya kamata shugabannin MSSN da ƙungiyoyin ɗaliban jihohinmu su zauna da malamai kan wannan tun yanzu, kafin ranar kuka.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar da mu gida lafiya.