Kafin A Ce Da Mace Juya

Jama'a, akwai wani zalunci da ake yi a garuruwanmu ba da gangan ba. Mace ta yi shekara biyu ko uku a ɗakinta ba ta sami ciki ba, sai dangin miji su fara gunaguni. Wannan ya ce juya ce, wancan ya ce namijin dare ne, wani kuwa ya ce kishiya ce ta yi mata sammu. Daga nan sai saki, ko kuwa a yi ta banka mata jiƙe-jiƙe har shekaru su wuce. Ra'ayina shi ne, kada a yanke wa mace hukunci sai likita ya duba ta, ya duba mijinta.

Ga dalili. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka, girmanta bai fi ƙwayar wake ba. Ita ce ke aika wasu sinadarai cikin jini, waɗanda likitoci ke kira homon, su je gidan ƙwai su umarce shi ya nunar da ƙwai ɗaya ya sake shi, kamar kwana 14 kafin jinin al'ada ya zo. Tamkar manzanni ne tsakanin sarki da hakimi. In manzo ya makara, ko ya kai saƙo ba daidai ba, ƙwai ba ya fita, in kuwa ƙwai bai fita ba, ina ciki zai samu?

Ga abubuwa uku daga cikin masu kawo wannan rikici. Na ɗaya, ƙwayaye su taru ƙanana-ƙanana ba su nuna ba. Wasu likitoci biyu, Stein da Leventhal, suka bayyana shi a Amurka a 1935, kuma yakan sami kamar mace ɗaya cikin goma. Alamunsa su ne al'ada ta riƙa tsallake watanni, gashi ya tsiro a haɓa, ƙuraje su fito a fuska, sau da yawa kuma ƙiba. Na biyu, tsokar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ta yi lalaci ko ta yi gaggawa wajen aiki. Na uku, sinadarin da ke kawo nono ya yi yawa, har mace ta ga ruwan nono alhali ba ta goyo.

Dukansu da magani. Akwai ƙwayar clomiphene, wadda aka yarda da ita a Amurka tun 1967, da letrozole, masu taimakon ƙwai ya fita. Akwai levothyroxine don tsokar wuya, da bromocriptine don rage sinadarin nono. Mai ƙiba kuwa, in ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta, al'adarta takan daidaita. Amma fa a yi hattara, kada a saye su a kemis bisa jin ƙai. Ciwon dabam-dabam ne, sai an auna jini za a san wanne ne, maganin fitar da ƙwai kuma in ba likita na lura, yana iya kumbura gidan ƙwai.

Wani zai ce haihuwa ta Allah ce. Gaskiya ne, ruwan sama ma nasa ne, amma ba wanda ya bar noma saboda haka. Wani kuma zai ce abin kunya ne. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023, mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da jinkirin haihuwa a rayuwarsa, maza da mata. Ashe ke nan miji ma sai a auna shi, gama sau da yawa cikas ɗin daga wajensa yake.

Ku 'yan'uwana ɗalibai, gobe za a rarraba ku makarantu, a wasu ƙauyuka ku ne za a riƙa tambaya. Ku gaya musu ma'aurata in sun yi wata 12 ba ciki su tafi asibiti tare, in matar ta wuce shekara 35 kuwa wata 6 ya isa, gama ƙwai raguwa yake da shekaru. Ku malamai mata, ku koya wa 'yan mata lissafin kwanakin al'adarsu, su san in tana zuwa ƙasa da kwana 21 ko sama da 35, a nemi likita tun da wuri. Allah ya sa mu zama sanadin zaman auren wata, amin.