RA'AYINMU: Hasken Rana da Ruwan Chalawa

Shekara da shekaru manoman rani na bakin kogin Chalawa da Jakara suna ban ruwa da ruwan da ya gauraya da dattin masana'antun Kano na jima da rini. Abin da suka noma kuwa, tukunyarmu yake shiga.

Masana sun gano sinadarai waɗanda, in rana ta haska su cikin ruwa, sai su farfasa rini da maganin ƙwari. Fujishima da Honda na Japan ne suka buɗe hanyar a 1972 da titaniyam dayoksaid, sai dai abin da yake mora na hasken rana bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Da aka zare girafin a Manchesta a 2004, hankali ya koma kan sinadarai masu siffar falle, sirara ƙwarai, masu faɗin fuskar da dauɗa za ta sauka. Ɗayansu, kabon naitiraid, da takin yuriya ake gasa shi, kuma yana aiki da hasken da ido ke gani.

Amma yawancin aikin yana ɗakin gwaji, kuma haske ba ya ɓatar da ƙarfen kuromiyam na masu jima. Saboda haka muna kira ga jami'o'inmu su gwada dabarar a kan ruwan Chalawa kansa. Hukumar NESREA kuma ta tilasta wa masana'antu su tace ruwansu tun yanzu. Bai kamata lafiyar yaranmu ta jira sakamakon gwaji ba.