Gasar Hotuna Tsakanin Abokan Gida Da Na Waje: A Yi Wasa, Amma A Faɗi Gaskiya

Duk wanda yake cikin zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan aji ya san yadda abin yake farawa. A watan Janairu, abokin da ke karatu a Manchester ko Toronto zai turo hotonsa cikin jibgegiyar rigar sanyi, dusar ƙanƙara ta lulluɓe motocin da ke bayansa, ya rubuta cewa 'yan gida su daina kukan hunturu. Kafin a jima na Kano ya mayar masa da hoton Dutsen Dala cikin hazo, ya ce shi ma ya daina cika baki. Na Yamai ya shigo da hoton faɗuwar rana a gadar Kennedy, na Kuala Lumpur ya jefo tagwayen benayen Petronas, sai zaure ya kaure da gardamar wane ne ya ci.

Da azumi gasar takan koma kan faranti. Malesiya tana gaban Najeriya da awa 7, don haka tun da rana tsaka na can yake turo hoton shan ruwansa don ya tsokani masu jin ƙishirwa a Sakkwato. Su kuma idan magariba ta yi sai su rama da ƙosai da kunun tsamiya, abin da suka san ba zai samu a kusa da shi ba. Ranar Sallah kuwa sai shadda da hula, sannan a rufe da hotunan Hawan Daushe, inda 'yan gida suke da tabbacin babu mai ja da su.

Muna ganin wannan ɗabi'a abu ne mai kyau da ya kamata a raya. Amma muna ganin akwai wuraren da take neman kauce hanya, kuma ya dace a yi maganarsu tun da wuri.

Irin wannan tsokana tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Mun gaji barkwanci tsakanin Kanawa da Zage-zagi, da Fulani da Barebari, da Gobirawa da Yarabawa, inda kowa ke kushe garin ɗan uwansa cikin raha ba tare da an yi fushi ba. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwanci na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da duniya ta gada, saboda rawar da yake takawa wajen zaman lafiya. Gasar hotuna reshe ce ta wannan bishiya: kowa yana yabon inda yake zaune, yana zolayar ɗan uwansa, kuma a ƙarshe abin da ake so shi ne a ji motsin juna.

A da, wanda ya tafi karatu Alƙahira ko neman kuɗi Kumasi sai ya shiga shagon mai hoto, a wanke masa, ya sa a ambulan tare da wasiƙa, a yi makonni kafin ta iso. Wasu kaset suke ɗauka su ba matafiyi ya kai gida. Wayar salula ta yaɗu a Najeriya daga 2001, WhatsApp ya fito a 2009, kuma a 2017 ya ƙaro sashen sanya hoto na awa 24. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. To ga wanda teku ya raba da 'yan uwansa, kuma kuɗin jirgi ya fi ƙarfinsa, hoton da yake turawa kullum shi ne ƙafar da ta rage masa.

Amfanin farko yana ga na waje. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune a ƙasar da ba ya jin yarenta sosai, inda maƙwabci ba ya gaida maƙwabci, yana fama da kaɗaicin da ba ya iya faɗa wa iyayensa. Hoton mai shayin unguwarsu da aboki ya turo masa don tsokana yakan fi doguwar nasiha kwantar masa da hankali. Kuma zauren da ake wasa a cikinsa kullum shi ne ake fara dubawa ranar tashin hankali. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, dubban ɗaliban Najeriya suka maƙale, kuma iyaye da abokai sun dogara ne da saƙonnin waya don sanin halin da 'ya'yansu suke ciki. Zumuncin da aka raya da raha shi ne yake tsayawa a irin wannan rana.

Amfani na biyu yana ga na gida, kuma shi ne ba a cika lura da shi ba. Mutumin da ya shekara yana wuce marinar Ƙofar Mata bai taɓa tsayawa ba, ranar da yake neman hoton da zai doke Hasumiyar Eiffel sai ya tsaya ya duba. Bakatsine ya tuna da Gobarau, mutumin Agadas ya ɗaga kai ya kalli hasumiyar masallacinsu ta ƙasa, wadda tsohon garin da take ciki ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013. Hawan Sallah na Kano ma ya samu irin wannan karramawa daga UNESCO a ƙarshen 2024. Ganuwar biranenmu tana zaizayewa, tsofaffin gidajen ƙasa ana rushe su ana gina shaguna. Hotunan da matasa suke ɗauka yau don wasa za su iya zama shaidar da za ta rage ga jikokinsu.

Matsalar tana farawa ne daga lokacin da gasar ta tashi daga wane ya fi ido ta koma wane ya fi samu. Hoto yana nuna abin da mai ɗauka ya zaɓa ne kawai. Na waje zai tsaya a gaban motar da ba tasa ba, ko a harabar otal ɗin da ba zai iya kwana ba. Ba zai turo hoton ɗakin da suke kwana su biyar ba, ko aikin daren da yake yi a tsaye, ko takardar hayar da ke cinye rabin albashinsa. Wannan ma ba sabon abu ba ne. Mai hoton nan na Ghana, Philip Kwame Apagya, ya shahara da zanannun labulen da yake rataya a shagonsa, masu ɗauke da jirgin sama ko falo cike da firiji da talabijin, mutane su tsaya a gaba a ɗauke su. Bambancin shi ne kowa ya san wancan zane ne. Na yau kuwa yana kama da gaskiya, ga shi manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya ɗora mutum a titin Dubai alhali yana Sabon Gari.

Abokan da suka san juna za su yi dariya su wuce. Amma hoton ba ya tsayawa a tsakaninsu. Ƙane yana gani, matar aure tana gani, matashin da ya gama makaranta shekara uku babu aiki yana gani. Gani ya kori ji, in ji masu magana, kuma duk gargaɗin da hukumomi za su yi a rediyo ba zai kai nauyin hoto guda na ɗan unguwarsu ba. Ba mu ce hotuna kaɗai ke tura matasa hanyar Agadas zuwa Libiya ba. Talauci da rashin aiki su ne kan gaba. Sai dai hoton da ya ɓoye wahala yana ƙara wa wuta mai. Duniya ta ga rahoton da gidan talabijin na CNN ya fitar a 2017 na yadda ake gwanjon baƙin haure a Libiya, kuma mun sha jin halin da wasu mata da suka tafi aikatau ƙasashen Larabawa suke shiga idan uban gida ya riƙe fasfo. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ƙaryar takan juyo kan mai ita. Wanda ya nuna wa dangi yana cikin daula ba shi da bakin cewa babu ranar da aka turo masa lissafin kuɗin makaranta da na biki. Na gida shi ma yakan ci bashin ɗinkin Sallah don kada a raina shi a zaure. Daga nan wasa ya zama nauyi.

Sai batun tsaro. A yankin da masu garkuwa da mutane suke neman bayanin wanda yake da ɗan uwa a waje, hoton ƙofar gida, da lambar mota, da rigar makarantar yara, bayani ne kyauta. Hoton da aka tura a matsayin fayil yakan tafi da bayanan wurin da aka ɗauke shi idan wayar tana adana su, kuma kowa yana iya kwafar abin da aka sa a zaure ya kai inda mai shi bai zata ba. Masu ɗora hoton biza da katin shiga jirgi don murna suna miƙa sunansu da lambobinsu ga 'yan damfara. Akwai kuma doka: a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, dokar laifukan intanet ta 2021 ta tanadi tara da ɗauri ga wanda ya ɗauki hoton wani ko ya yaɗa shi ba da izininsa ba. A gida ma, almajiri da mai talla da tsohuwar da ke bakin kasuwa suna da mutuncin da ya wajaba a kiyaye. Ba kayan cin gasa ba ne.

Don haka muna ba masu irin waɗannan zaurukan shawara su yi wa wasansu ƙa'ida, kamar yadda barkwanci yake da iyakar da kowa ya sani. A zaɓi jigo guda a mako wanda kowa zai iya shiga ko da ba shi da ko sisi: kasuwar unguwa, karin kumallo, hanyar zuwa aiki, sararin samaniya bayan ruwan sama. A cire mota da kuɗi da kayan alatu daga cikin abin da ake gasa a kai. A nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi, kuma a jinkirta sa hoto har sai an bar wurin. Hotuna masu kyau a adana su da kwanan wata da sunan wuri, kada su tafi tare da wayar da ta lalace.

Ga na waje kuma muna da roƙo na musamman. Bayan hoton dusar ƙanƙara, a turo na tashar motar da ake jira da asuba cikin sanyi, da na farashin tumatir a kanti. Abokanka ba za su raina ka ba don sun ga kana fama, domin sun san ka tun kuna raba gyaɗa a bakin makaranta. Ƙanensu da ke leƙen wayar kuwa, wataƙila wannan hoton ne zai sa ya yi tambaya kafin ya sayar da gonar gado ya kama hanya.