A Yi Hattara Da Masu Zuga Manoma Su Shuka Wiwi

Edita,

Ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da wata magana da ke yawo a majalisun samari, a tasha da kasuwannin ƙauye.

Maganar kuwa ita ce wai duniya ta halatta tabar wiwi, wai saura ƙiris Nijeriya ma ta bi sahu, don haka mai wayo shi ne wanda zai soka 'yan tushe a tsakiyar dawa ko a bayan ɗaki tun yanzu. Har ana cewa wai kuɗin ba a shukar yake ba, yana wajen iya shanya da ajiya, yadda ganyen zai yi ƙamshi mai saye ya biya da tsada. Yaranmu suna kallon Turawa a waya suna nuna gwanintarsu a kan wannan sana'a, sai su ɗauka ko'ina haka abin yake. To jama'a, bari mu bi maganar dalla-dalla.

Da farko dai doka. Tun a 1966, zamanin mulkin soja na farko, aka kafa dokar wiwi wadda ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya noma ta. An sassauta hukuncin a 1975, amma ba a taɓa halatta noman ba. A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar NDLEA da doka mai lamba 48, kuma a ƙarƙashin dokokinmu noman wiwi, ajiye ta, da sayar da ita duk laifuffuka ne masu ɗaurin shekaru da yawa, ga kuma ƙwace dukiyar da aka samu ta wannan hanya. Kada wani ya ce ai tushe biyar ne kawai, ko ai don kaina na shuka. Wannan ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Gaskiya ne an yi ta kiraye-kirayen a halatta. Marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Jihar Ondo ya je har ƙasar Tailan a 2019, ya dawo yana neman a yarda a noma ta domin haɗa magani. An kuma kai ƙudurori gaban Majalisar Wakilai, amma babu ko ɗaya da ya zama doka. Janar Buba Marwa, wanda aka naɗa shugaban NDLEA a 2021, ya sha fitowa fili yana adawa da halatta shan ta. Ko a Majalisar Ɗinkin Duniya, lokacin da aka kaɗa ƙuri'a a watan Disamba na 2020 aka cire wiwi daga rukunin ƙwayoyi mafi haɗari, Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka ƙi amincewa. To ina alamar saura ƙiris a nan?

Sai mu duba ƙasashen da ake ba mu misali da su. Lesoto ce ta fara ba da lasisin noman wiwi na magani a Afirka a 2017, amma kuɗin lasisin ya fi ƙarfin ƙaramin manomi nesa ba kusa ba, manyan kamfanoni masu jarin waje ne suka mamaye harkar. Maroko ta yi tata dokar a 2021, ita ma don magani da masana'antu kawai, kuma a wasu yankuna da aka keɓe. Manomanta na tsaunuka sun shekara da shekaru suna noma cikin fargabar kamu yayin da dillalai ke kwashe riba, sai a 2024 Sarkin ƙasar ya yi wa sama da mutum 4,800 afuwa. Gana kuwa abin da ta yarda da shi a dokarta ta 2020 shi ne irin da sinadarin bugarwarsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, wato wanda ba ya sa maye, shi ma sai da lasisi. Ita kanta Tailan da ta saki mara a 2022, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Ashe ke nan ko inda aka halatta, ba a ce kowa ya shuka a bayan ɗakinsa ya kai kasuwa ba. Baturen da kake gani a waya yana zaune ne a Kanada ko wata jihar Amurka inda dokarsu ta ba shi dama. Kai kuwa kana Nijeriya.

Yanzu batun ƙamshi da ake ta kururutawa. Ai wannan warin shi ne babban mai tona asiri. Wiwi ba gyaɗa ba ce da za ka zuba a buhu ka jefa rumbu ka manta. Maƙwabci zai ji, mai tallar koko za ta ji, yaron da ya zo ɗibar wuta zai ji. Ranar da aka zo kamu kuwa, wanda aka samu kaya a gidansa shi za a tasa ƙeyarsa, wani lokaci har da tsohon da bai san hawa ba bai san sauka ba, don dai gonar ko gidan nasa ne. Dillalin da ya kawo iri ya yi alkawarin saye, shi ko ƙurarsa ba za a gani ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuma ko ta fuskar ciniki abin ba ya ɓullewa. Manyan gonakin wiwi na ƙasar nan suna cikin dazuzzukan Ondo, Edo, Delta, Osun da Ekiti, inda ake sare gandun daji ana noma eka-eka. Masu tsadar kuma da ake kira Loud daga waje ake shigo da su. Ƙaramin manomi mai 'yan tushe ba shi da bakin taya farashi. Idan an cuce shi ba shi da inda zai kai ƙara, domin ba ya zuwa wurin dagaci ko Sarkin Kasuwa ya ce an cinye masa kuɗin wiwi.

Sannan wa zai sha? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. Waɗannan ba baƙi ba ne, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Likitoci sun tabbatar cewa yawan shan ta, musamman ga wanda ya fara tun yana ƙarami, yana ƙara haɗarin taɓin hankali. Abin da aka shuka a ƙauye, yaran ƙauyen ne za su fara ɗanɗanawa. Malamanmu kuma sun daɗe da bayyana hukuncin duk abin da ke gusar da hankali.

Abu ɗaya da na yarda da masu wannan zance a kai shi ne, lallai iya shanya da ajiya kuɗi ne. Amma ga halal nan birjik. Duk mai shiga Dawanau ko Maigatari ya san zoɓon da aka shanya a kan tamfol mai tsabta, ba ƙasa ba tsakuwa, ba kuɗinsu ɗaya da wanda aka baza a bakin titi ba. Haka riɗi, haka barkono, haka cittar Kachiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa wajen ajiya. Wannan ita ce asarar da ya kamata samari masu neman ilmi a waya su tsaya su koyi maganinta, ga buhunan PICS nan masu hana iska shiga, waɗanda ke kashe ƙwari ba tare da guba ba.

Don haka ina kira ga iyaye su riƙa zagaya gonakinsu har tsakiya, musamman waɗanda suka ba da aro ko haya. Masu unguwanni da dagatai su san baƙon da ke yawo da iri. 'Yan uwana 'yan tireda da direbobi, kada ku karɓi ajiya ko saƙon da ba ku san abin da ke ciki ba. Ita kuma gwamnati ta sani cewa kamu kaɗai ba zai wadatar ba, matuƙar taki ya gagari talaka, malaman gona kuma sun yi ƙaranci a karkara. A kawo taki a kan lokaci, a gyara hanyoyin kai amfanin gona kasuwa, a ƙara wuraren kula da waɗanda shaye-shaye ya riga ya kama.

Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya shirya mana zuri'a, amin.

Naka mai karatu a kullum,
Wani ɗan kasuwar hatsi,
Dawanau, Jihar Kano.