Wa Zai Riƙe Makulli?

Mu marubuta labaran kishi mun sani, yawancin faɗan gidan aure a kan makullin sito yake. To haka nake kallon rigimar manyan kamfanoni a kan ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar nan mai rubutu da amsa tambaya kamar mutum.

Ku dubi OpenAI na Amurka, masu ChatGPT. Ranar 17 ga Nuwamba 2023 kwamitin amintattu ya kori shugaban kamfanin, Sam Altman, wai ba ya fito musu a mutum. Ma'aikata sama da 700 suka ce in bai dawo ba Microsoft za su koma. Cikin kwana biyar aka maido shi, uku daga cikin huɗun da suka kore shi suka bar kujerunsu.

Abin da ya dame ni, kwamitin nan shi aka ɗora wa taka birki in an ga haɗari. Ya taka, aka cire shi. To gobe wa zai yi ƙarfin halin cewa a dakata?

Allah Ya sa mu dace.